Kare Nashi Ne, Amma Rariya Tamu Ce Duka

Maganar da muka ɗauko yau ƙarama ce a ido, har wani zai ce ana fama da tsadar hatsi wa ke ta kare. To amma duk wanda ya taɓa fita sallar asuba da sanda a hannu, alhali ƙafarsa lafiya lau, don dai kawai karen maƙwabcinsa na kwance bakin hanya, ya san maganar ba ƙarama ba ce. Samari na yin ta a fada wurin shan shayi, mata na yin ta bakin famfo, amma da wuya ka ga wanda ya tunkari mai karen ya faɗa masa ido da ido. Mu abin ya same mu a unguwarmu, mun bi da shi ta wata hanya, shi ya sa muka ga ya dace mu baje shi ko wani zai ƙaru.

Maƙwabcin namu dattijo ne, mutumin kirki, sana'arsa kiwon raguna yana sayarwa lokacin layya. Wata shekara ana saura kamar wata guda babbar Salla, ɓarayi suka haura ta bayan gida cikin dare suka ɗauke masa raguna biyu, waɗanda ya yi wata da watanni yana ɗura musu harawa da dusa. Bayan wannan ne ya samo kwikwiyo wurin wasu makiyaya abokansa. Wallahi babu wanda ya ga laifinsa. Wanda aka yi wa sata shi ya san zafinta.

Da farko kare na ɗaure. Da ya girma ya fara kuka cikin sarƙa, sai yaran gidan suka riƙa kwance shi da dare. Daga dare aka koma har hantsi. Daga nan sarƙar ta zama ta rataye a turke, kare kuwa ya zama na rariya, sai yunwa ta kore shi ya koma gida, in ma bai samu abin ci a bola ba. Kaji suka fara ɓata. Wata ta ƙirga ƴan zabinta ta ga babu uku. Ƴan mata masu tallar koko suka daina bi ta rariyarmu, suna zagayawa ta nesa. Sai kuma ranar da ya kama ɗan akuyar wata baiwar Allah da mijinta ya rasu, ya yaga masa wuya, dole aka yanka.

Wanda ba ɗan ƙasar nan ba ne zai ce ai ɗan akuya ne kawai. Mu mun san jar akuyar nan da aka san ƙasar Maraɗi da ita, wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen waje, ita ce bankin mace a karkara da birni. Wannan baiwar Allah da kuɗin asusu ta sayi uwar, irin na ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da aka fara a jaharmu tun 1991. Lissafinta shi ne ɗan akuyar ya girma ta sayar ta yi wa yara kayan lakwal. Kare ya cinye lissafin cikin minti biyar.

Duk da haka magana ba ta wuce gunaguni ba, kuma kowa ya san dalili. Mutumin nan in aka yi rasuwa shi ne na farko a maƙabarta. In mace na naƙuda cikin dare amalankensa ake bugawa a ara. Ƴarsa na aure a gidan ɗaya daga cikinmu. A wurinmu maƙwabci ba baƙo ba ne da za ka aika masa takarda, mutum ne da za ku haɗa kafaɗa a sahu sau biyar a yini. Nauyin baki a irin wannan wuri tarbiyya ce, da ita aka raine mu.

Abin da ya ɗaga maganar shi ne cizo. Yaro ɗan shekara bakwai ya fito da sassafe zai tafi makarantar allo, ya ga kare ya tsorata ya zuba a guje, kare ya bi shi ya kama masa ƙwauri. Ciwon bai yi girma ba, huda biyu ce da ɗan jini. Amma a cizon kare ba girman ciwo ake dubawa ba.

Bari mu tsaya nan mu yi bayani, don wannan shi ne zuciyar maganar. Ciwon haukan kare ƙwayar cuta ce da ke cikin yawun dabbar da ta kamu. In ta shiga jiki ta cizo ko yaƙushi, ko kare ya lashi wurin da fata ta buɗe, sai ta bi jijiya sannu a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Yawanci takan ɗauki wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Ciwon ƙafa ya warke tuni, kowa ya manta, sai wata rana zazzaɓi, sai firgita, sai mutum ya ga ruwa maƙogwaronsa ya shaƙe alhali ƙishirwa na cin sa. In an kai nan, kusan babu mai tashi, ko a asibitin Turai ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo na kashe kusan mutum 59,000 kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya. Kusan duka daga kare ne, kuma wajen huɗu cikin goma yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. A ƙauyukanmu irin wannan mutuwa sau da yawa ba ta shiga lissafin kowa, sai a ce iska ce ta taɓa yaro ko jifa aka yi masa.

Abin takaicin shi ne riga-kafin ya daɗe da samuwa. Tun ranar 6 ga Yuli 1885 Louis Pasteur ya gwada allurarsa a Faransa kan wani yaro ɗan shekara tara mai suna Joseph Meister da mahaukacin kare ya ciza, yaron ya rayu. Wato ciwo ne da ba shi da magani in ya bayyana, amma ana iya tare shi tsaf in an yi sauri.

Saurin kuwa daga gida yake farawa. Abin da aka yi wa yaron namu, kuma abin da muke roƙon kowa ya riƙe, shi ne a wanke ciwon nan take da ruwa da sabulu, ana zuba ruwa ana cuɗawa har minti 15. Minti 15 na da tsawo in yaro na kuka, amma wankin nan na fitar da ƙwayar cutar da yawa kafin ta kama. Kar a zuba toka, ko ƙasa, ko barkono, kar a ƙona gashin karen a shafa kamar yadda wasu ke cewa, duk ba sa kashe ƙwayar. Daga nan sai gidan likita a ranar, kar a ce sai gobe. Allurar ba guda ɗaya ba ce, akwai ranakun komawa, kuma dole a cika su. Shi kuma karen, in yana da mai shi kuma ana iya kama shi, a tsare shi wuri guda ana ba shi ci da sha ana lura da shi har kwana 10. In ya wuce kwanakin nan garau, alama ce ba ya ɗauke da ciwon a yawunsa ranar da ya yi cizon. Amma ba a jiran kwana goman kafin a fara allura. In kuwa ya mutu, ko ya canza hali, yana dalalar da yawu, yana cizon duk abin da ya gani, ko ya yi laƙwas haɓarsa ta saki, a sanar da ma'aikatan kiwo, su suka san yadda ake aika samfur ɗakin bincike na dabbobi a Yamai.

Mu da ke cikin gari abin ya zo mana da sauƙi, duk da haka sai da uban yaron ya ajiye aikinsa kwana da kwanaki, ga kuɗin allura ga na zirga-zirga. To ka ɗauki mutumin da ke wani ƙauye bayan Urafan ko Korgom, ko can cikin Gulbin Kaba wajen Isawan ko Gidan Amumun, ga damina, ga hanya duk yashi da ruwa. Allura ce mai son sanyi, ba a kowane ƙaramin gidan likita ake ajiye ta ba, sau da yawa sai an nufi babban gari. Mai ƙaramin ƙarfi zai dubi huda biyu a ƙafar yaro, ya dubi kuɗin mota, ya ce Allah ya sawwaƙe. Sakacin mai kare ɗaya, wani talaka ne can ke biyansa, wani lokaci da ran ɗansa.

Ranar da aka ciji yaron nan rai ya ɓaci ƙwarai. Samarin fada suka ce a bar musu, tsoka ɗaya da maganin ɓera ta isa. Wasu suka ce a wuce wurin jandarma kai tsaye. Dattawa suka hana duka biyun, kuma da hujja. Guba a rariya ba ta san sunan wanda aka ajiye wa ita ba. Kaza za ta tsattsaga, mage za ta ci, ungulu za ta sauka kan mushen, ga yara masu rarrafe suna wasa a ƙasa. Kuma in an kashe karen a ranar, an rasa damar lura da shi kwana goman nan. Bayan haka mai karen zai san daga unguwa abin ya fito, gaba ta ƙullu ke nan, gobe ya samo wani kwikwiyon ya sake shi da gayya. Hukuma kuwa tana nan ba ta gudu ba, amma wanda ka kai ƙara ba tare da ka taɓa yi masa magana ba, ko ka yi nasara ka rasa maƙwabci.

Liman ne ya warware mana ta fuskar addini, a zaure bayan sallar isha'i. Ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, kuma shari'a ta yarda a ajiye shi don gadin dabbobi, ko gona, ko farauta, kamar yadda ya zo a hadisi kuma Risalar Ibn Abi Zaid da muke karantawa a zaurukanmu ta ambata. Saboda haka ba wanda zai ce wa mai raguna ya yi haram. Ya tuna mana da mutumin da Allah ya gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, ya ce wanda ya san wannan ba zai ba dabba guba tana murƙususu ba. Sannan ya juyo ɗaya gefen. Ya ce a cikin Muwaɗɗa akwai hukuncin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanke kan raƙumar da ta shiga gonar mutane, inda aka ɗora wa masu dabbobi biyan ɓarnar da dabbobinsu suka yi da dare. Kuma malaman Malikiyya sun yi bayani cewa mai kare mai cizo, in an gargaɗe shi bai tsare shi ba, abin da ya ɓata yana wuyansa. Wato faɗa wa mai kare gaban shaidu ba rashin kunya ba ne, mataki ne da shari'a ta san da shi.

Dokar ƙasa ma haka ta ce. A kundin dokar farar hula, sashe na 1385 ya ɗora alhakin ɓarnar dabba kan mai ita, ko tana hannunsa ko ta kuɓuce masa. Kuma mu ba baƙin wannan tsari ba ne. Duk shekara mun san akwai lokacin da ake tsare dabbobi don shuka, akwai ranar sakin gonaki da hukuma ke sanarwa. Saniya ta shiga gona, a kira mai gari, a duba ɓarna, a yi sulhu, a biya. Akuya ma da damina ɗaure take a turke, ba wanda ya ce an zalunce ta. Kare ne kaɗai ya faɗa tsakani, ba a lissafa shi cikin dukiya balle a tsare shi, ba a kuma ɗauke shi naman daji balle a kore shi.

Washegari bayan la'asar mutum uku suka je: liman, da wani dattijo sa'ansa da suka yi makarantar allo tare, da uban yaron. Da gangan ba a tafi da yawa ba, kuma ba a tare shi a ƙofar masallaci gaban jama'a ba. A zaurensa aka zauna. Bayan gaisuwa liman ya fara da ambaton alherinsa a unguwa, sannan ya kawo magana. Mutumin ya haɗe rai, ya ce, "Allah gafarta Malam, yaro ne ya gudu, kowane kare ka gudu sai ya bi ka. To ni in na ɗaure shi ɓarayi suka dawo, wa zai biya ni?"

Uban yaron bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Baba, gaskiyarka, yaro ya gudu. Amma ɗan shekara bakwai ne, in ya ga haƙora gudu zai yi. Jikokinka ma ta rariyar ga suke bi. Ba mu zo mu ce ka rabu da karenka ba. Ragunan na cikin gida, shi kuma yana yini a bola. Can wa yake gadi?"

Wannan tambayar ce ta yi aiki. Ya yi shiru, abokinsa ya sa dariya ya ce masa, "Kai dai faɗi gaskiya, ka gaji da ba shi tuwo ne." Daga nan magana ta sauko. Abin da aka tsayar shi ne: kare zai zauna a tsare kwana goma cur ana lura da shi. Bayan nan da rana yana ɗaure a inuwa da igiya mai tsawo, ga ruwa ga abinci, don kare mai yunwa da ƙishirwa cikin rana shi ke zama mugu. Da dare in an rufe ƙofa a sake shi cikin gida wajen garken, a ɗaure shi kafin kiran sallar farko. Za a nemi ma'aikacin kiwo ya yi masa allurar haukan kare, a karɓi takarda, a riƙa sabuntawa. Mai karen zai ɗauki rabin abin da aka kashe wa yaro, uban ya yafe rabi. Kuɗin ɗan akuya kuma dattawa suka ƙiyasta, aka ba shi lokaci ya biya.

Unguwa ma ta ɗauki nata kason. Samarin da suka so sa guba su suka kwaɓa ƙasa suka toshe ramin da karen ke fita ta ƙarƙashin katanga. Aka roƙi mata a daina watsa sauran tuwo da ƙashi a rariya, don shi ke tara karnukan wasu unguwanni. Malamin makarantar allo ya tara yara ya koya musu: in ka ga kare kar ka gudu, ka tsaya cik, kar ka zuba masa ido, ka ja da baya sannu. Kar a jefi kare, kar a taɓa shi yana cin abinci, kar a kusanci karya mai ƴaƴa. Mafi muhimmanci aka ce musu duk wanda kare ya ciza ko ya yaƙusa ya faɗa nan take, ba mai dukansa. Yara da yawa na ɓoye cizo don tsoron bulala, ɓoyon nan kuwa shi ke kisa.

Ba za mu ce komai ya zama zuma ba. Kwana biyu mutumin yana amsa gaisuwa da ƙyar. Baiwar Allah mai ɗan akuya har yau tana ganin an rage mata kuɗi, kuma mai yiwuwa da gaskiyarta. Karen yana haushi da dare ya hana wasu barci. Amma ya cika kwana goman lafiya, yaro ya gama allurarsa, masu koko sun dawo rariya, kuma ana gaisawa. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, a kuma ci gaba da zama baki ɗaya.

Sai dai kare ɗaya muka ɗaure. Daga Maijirgi zuwa Hawandawaki, daga Kanambakashe zuwa Sarkin Hausa, akwai na makiyaya, akwai na mafarauta, akwai waɗanda ke kwana bayan mahauta da bakin kasuwa ba a san mai su ba. Masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, ciwon na daina yawo tsakaninsu. Ba labarin Turai ba ne: a Njamena ta Cadi an yi gangamin yi wa karnuka allura a 2012 da 2013, aka kai wannan adadi, ciwon ya yi ƙasa sosai a birnin. Mu a nan duk shekara ana fitowa gangamin riga-kafin shanu da awaki da tumaki, ma'aikatan kiwo sun san kowace ruga da kowane ƙauye. Roƙonmu ga hukumomin gundumomin Tasawa da Mayahi, da sarakunanmu da masu gari, shi ne a duba yadda za a sa kare cikin wannan tafiya, kuma a riƙa sanar da jama'a a gidajen rediyon karkara inda ake samun allurar mutane, don kar mai ciwo ya yi ta yawo. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, kuma hukumomin duniya sun sa burin kawo ƙarshen mutuwar mutane daga cizon kare nan da 2030. Ko huɗuba ɗaya aka yi a masallatan Juma'a a wannan mako, wani yaro zai tsira.

Kai mai kare, ba mu ce ka rabu da shi ba, haƙƙinka ne ka tsare dukiyarka. Ka ciyar da shi, ka yi masa allura, ka san inda yake dare da rana. Kai kuma maƙwabci da abin ke damu, kar ka jira sai jini ya zuba, kar kuma ka ɗauki guba. Nemi mutum biyu da yake jin nauyinsu, ku same shi a zaurensa, ku fara da alherinsa, ku je da abin da za ku taimaka masa da shi. In ya ƙi, ga mai unguwa, ga sarki, ga hukuma, kuma ka riga ka fita haƙƙinsa.

Allah ya tsare mana yaranmu da dukiyoyinmu, ya bar mu da maƙwabtanmu lafiya. Amin.